Yaron da ba ya ba da labarin makaranta

A hirar da wasu iyaye mata da malaman firamare suka yi a Gusau, kusan kowa ta kawo kuka ɗaya: a tambayi yaro "Yaya makaranta?" ya ce "Lafiya lau", shi ke nan. Wata malama ta ce yaron bai yi laifi ba, gaisuwa aka yi masa, ya amsa yadda aka koya masa. Shawararta a tsuke tambayar: "Wa ya zauna kusa da kai?" "Wace sura Malam ya biya muku a Islamiyya?" "Da wa kuka yi langa?" In an tambaya kuma a ɗan jira, kada a ƙarasa masa maganar.

An yarda kada a tare shi da tambaya a bakin zaure yana jin yunwa. A bari ya ci abinci, bayan magariba baki ya fi buɗewa.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun kunya. Uwar da ke alkunyar ɗan fari ba ta iya zaunar da shi hira, don haka aka ce a bar wa kaka. Da ta ce "Maigidana, me ka kawo mini yau?" sai labari ya ɓalle. A ganina wannan ta fi duk sauran amfani.

An kuma ja kunne: in ya faɗi ɓarnar da ya yi aka dake shi, gobe ba zai faɗa ba. Wanda ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waigowa in an kira shi, a kai shi asibiti a duba kunnensa.