Abin da aka tattauna kan haɗa suwic da yawa su zama tari ɗaya

An tattauna yadda ake haɗa suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da kebul a cibiyar sadarwa) da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya. Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Amfanin tarin shi ne adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a cibiya) ɗaya da saiti ɗaya. Ka shiga sau ɗaya, ka ga duka ramukan kebul, lambobin ramukan suwic na biyu suna farawa da 2/0/1.
2. A haɗa kebul ɗin tarin kamar zobe, na ƙarshe ya koma wa na farko. Idan kebul ɗaya ya tsinke, aiki zai ci gaba, sai dai gudu ya ragu da rabi. Mutane da dama sun ce nan ake yawan yin sakaci.
3. Manhajar kowane suwic ta zama iri ɗaya kafin a jona shi.
4. A zaɓi shugaba, wato suwic ɗin da zai jagoranci sauran, da hannu. A suwic na kamfanin Cisco, lambar fifiko daga 1 zuwa 15 take, mafi girma ke jan ragama. Kuma a kashe sabon suwic kafin a sa shi cikin tari mai aiki, kada ya jawo sabon zaɓe.
5. Kebul masu zuwa sama, wato masu haɗa tarin da sauran cibiya, a raba su kan suwic daban-daban, a ɗaure da LACP, tsarin da ke sa kebul da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya.

Inda aka rabu: sabunta manhaja. Sau da yawa idan ana sabuntawa tarin gaba ɗaya ke mutuwa ya tashi, don haka wasu suka ce a tsakiyar cibiya gara MLAG, inda suwic biyu ke aiki tare amma kowane suwic da kansa da saitinsa. Wasu suka ce wahalar saiti biyu ba ta biya ba. Ni dai na fi karkata ga na farko.

Yawan da ake tarawa: Catalyst 9300 na Cisco takwas, Virtual Chassis (sunan tari a suwic na kamfanin Juniper) har goma a wasu samfura.