Me za mu kira "bayofaulin" na rijiyar burtsatse?

Mai tambaya: Jama'a, kalma nake nema. Injiniyoyin ruwa suna cewa "bayofaulin" idan bakteriya masu rayuwa da sinadarin ƙarfen da ke narke a ruwa, irin su Gallionella, suka taru a burtsatse suka yi wani abu ja-ja mai santsi. Sai ya liƙe ramukan sikirin (matacin da ruwa ke bi ya shiga bututun rijiya), da tsakuwar da ke kewaye da shi, har bakin sumo, wato famfon da ake zurawa cikin ruwa. Ruwan yana nan a ƙasa, hanyar shigowarsa ce ta rufe. Wani ya ce in sa "gansakuka".

Malamar kimiyya: Malam, gansakuka koriya ce, kuma sai da hasken rana take yi. Ina rana a ƙasan burtsatse?

Mai gyaran famfo: Mu dai a bakin aiki tsatsa muke cewa. Kana zaro sumo za ka gan shi jawur.

Injiniya: Maigida, tsatsar nan ce ke jawo wa mutane asara. Ka ce wa mai rijiya tsatsa ce, sai ya sayo sabon bututu, bayan ɗan lokaci ruwa ya sake ja baya. Alhali ko kesin, wato bututun jikin rijiya, na roba ne, abin yana kama shi. Murza shi a yatsa ka ji: tsatsa gari-gari take, wannan kuwa yauƙi yake kamar miyar kuɓewa. Ni "yauƙin rijiya" zan ce. Ja, na bakteriya masu cin sinadarin ƙarfe. Baƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, na masu salfa. Ɓawon ma'adinai mai tauri kuma a kira shi "kanta", don shi asid yake so, yauƙi kuwa buroshi da kulorin da kwamfaresa.

Mai tambaya: To "toshewa" fa?

Injiniya: Ita sakamako ce, yashi da laka ma suna kawo ta. Gane ta sai da awo. A auna zurfin ruwa kafin a kunna famfo da kuma lokacin da yake aiki, a rubuta lita nawa ake samu a minti ɗaya a kan kowace mita da ruwan ya sauka. Idan wannan ya ragu da kashi 25 cikin 100, lokacin wanki ya yi. Kyamara in an zura, ita za ta raba gardamar yauƙi ne ko kanta.

Daga Damagaram: Yauƙin ya zauna mana. Sai dai mu nan foraji muke cewa, ba burtsatse ba.

Mai tambaya: Shi ya sa a bar shi "yauƙin rijiya", kowa ya shiga.