Taimako kafin ƙarfe 8: "closed evidence" da "special advocate"

Binta_Rediyo: Malamai, ina haɗa rahoto kan SIAC, kotun Birtaniya mai sauraron ƙarar waɗanda gwamnati ke son tasa ƙeyarsu ko ƙwace musu zama ɗan ƙasa saboda tsaro, irin Shamima Begum da kotun ta yi watsi da ƙararta a 2023. Waɗancan kalmomi biyu sun tsaya min a wuya.

Barista_Zariya: Hajiya, kada ki ce "lauya na musamman", mai sauraro zai zaci babban lauya ne mai tsada. An kafa kotun da dokar 1997, bayan Chahal, wani ɗan Sikh, ya kayar da Birtaniya a kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 1996. Akan fitar da mai ƙara da lauyansa, a karanta bayanan MI5, hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya. Wani lauya da aka tantance ne ke tsaya masa a ciki, kuma da zarar ya ga takardun, ba ya sake magana da shi kan shari'ar sai da izini. "Closed evidence" kuwa, ki sa "hujjar sirri", don "shaida" kan ɗauki mutum ma.

Dattijon_Gobir: Sirri Larabci, hujja Larabci, lauya Turanci. Ina Hausar? "Shaidar asiri" na daɗe ina faɗa.

Ummi_K: Baba, ranka ya daɗe, duk wanda ya ji "shaidar asiri" boka zai hango da ƙwarya a gaban alƙali.

Dattijon_Gobir: To "leƙen asiri" da kuke faɗa kullum fa, boka ke yinsa? Ku 'yan Kano kun ɗauka Hausa gadon gidanku ce.

Ummi_K: Ni Bakatsiniya ce, Baba. Kuma asirin ma daga sirrin ya fito.

Dattijon_Gobir: Ƙamus ɗin Turawa ya gaya miki.

Binta_Rediyo: Don Allah, lauyan fa? Saura minti 40.

Barista_Zariya: "Lauyan bayan labule". Sai ki bi shi da jimla ɗaya, cewa yana kare mutum amma ba zai iya tambayarsa ko zargin gaskiya ne ba.

Ummi_K: Bayan labule na da warin cuwa-cuwa, Barista.

Binta_Rediyo: Na ɗauki "hujjar sirri". Lauyan zan bayyana shi kawai, ba suna.

Dattijon_Gobir: Ku yi ta sirrinku. A ajina asiri ne.