Neman shawara: dunduniyar zomanyata ta kwaile kuma ta yi ja

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da zomanya irin Rex wadda nake ajiyewa a keji mai daɓen raga. Kwanakin nan na lura tana yawan sauya ƙafa idan ta zauna, kuma ta rage zirga-zirga. Da na duba ƙafafunta na baya sai na tarar gashin dunduniyar ya zube, fatar ta yi ja, ta hagun har ta yi ɗan ɓawo mai jini a gefe. Tana cin abinci yadda ta saba. Don Allah wane magani zan shafa mata, kuma ta yaya zan hana abin ya ci gaba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba ta lafiya. Kafin a kai ga magani, ki fara da wurin da take takawa, domin nan ne tushen ciwon. Zomo ba shi da tsokar nan mai taushi da ke tafin ƙafar kyanwa ko kare; gashi ne kaɗai tsakanin fatarsa da ƙasa. A kan turɓaya ko ciyawa faratansa suna nutsewa, nauyinsa ya bazu a kan tafin gaba ɗaya, amma a kan raga ko siminti nauyin yana komawa kan dunduniya, gashin ya goge, fatar ta kwaile. Irin Rex kuwa gashinsa gajere ne mai laushi, shi ya sa ciwon ya fi saurin kama shi, haka ma manyan zomaye irin Flemish Giant saboda nauyinsu.

Yau ɗin nan ki rufe ragar da katako, ki ɗora tsumma mai taushi, sannan ki zuba busasshiyar ciyawa mai kauri, yadda idan kin danna ta da tafin hannu ba za ki ji taurin katakon ba. Ki riƙa kwashe wurin da ta yi fitsari kullum, domin danshi yana jiƙa fatar ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, kuma yana jawo ƙuda ya yi ƙwai a ciwon har tsutsa ta fito. Ki duba faratanta ma, domin idan sun yi tsawo suna ɗaga yatsun sama, nauyin ya ƙara komawa baya.

Amsa ta biyu:
Malama, ki wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki tsane shi sosai. A ganina ki aske gashin da ke kewaye da ciwon don iska ta shiga, ki kuma jiƙa mata maganin ƙwayoyin cuta na amoxicillin a ruwan sha.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, wankewar daidai ce, amma sauran biyun suna da haɗari. Gashin da ya rage shi ne kariyarta, har ma akan kwantar da shi a kan wurin da ya kwaile kafin a ɗaure. Shi kuwa amoxicillin, da penicillin da clindamycin, idan zomo ya sha su ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, sai zawo mai tsanani ya biyo baya, wanda kan kai ga mutuwa. Man shafawa mai steroid, wato sinadarin rage kumburi, ma a guje shi.

'Yar'uwa, tunda fatar ta riga ta fashe, ki kai ta wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Ƙwayar Staphylococcus aureus ce ta fi shiga irin wannan ciwo, kuma idan ta yi nisa tana kaiwa ga jijiya da ƙashi, a nan kuma warkewa takan yi wuya ƙwarai. Mugunyar zomo tana da kauri, ba ta tsiyayewa da kanta, don haka kada ki matsa kumburi idan ya fito. Likita zai iya ba ta maganin rage zafi irin meloxicam, ya zaɓi maganin ƙwayoyin cuta da ya dace da zomo, ya kuma nuna miki ɗaurin bandeji, wanda ake barin yatsu a waje don a gane idan ya matse har sun kumbura ko sun yi sanyi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Tana da ƙiba kaɗan. Shin in rage mata abinci ne?

Amsa ta uku:
Ki rage abincin buhu, wato haɗaɗɗen abincin zomo da ake sayarwa, da kayan zaƙi sannu a hankali, amma busasshiyar ciyawa kada ta yanke a gabanta dare da rana, domin ita ce ya kamata ta zama mafi yawan abincinta. Kada ki bar ta da yunwa da sunan rage ƙiba. Idan ta yi sa'o'i 12 ba ta ci ba ko ba ta yi kashi ba, wannan lamari ne na gaggawa, ki garzaya da ita wurin likita. Ki riƙa sakinta tana yawo a wuri mai taushi kowace rana, kuma ko bayan ta warke ki ci gaba da duba dunduniyar duk mako, domin gashin wurin ba lallai ne ya sake tsirowa ba.