Neman kalmar Hausa da za ta maye gurbin "cytoskeleton" kafin Alhamis

Malamar Bayoloji: Assalamu alaikum. Ina shirya darasin rediyo a kan yadda ƙwayar halittar tsiro take gina bangonta, kuma ranar Alhamis za a naɗi shirin, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, wato cytoskeleton. Abin da nake son bayyanawa shi ne, dab da tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, daga ciki, akwai siraran bututu masu kaurin nanomita 25 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), a jikin tantanin kuma akwai gungun furotin da ke kaɗa zaren selulos, wanda ake gina bangon da shi, kuma gungun suna tafiya ne bisa layin da bututun suka shata musu. A 2006 masu bincike a Amurka suka ɗauki hoton wannan tafiya a cikin rayayyen tsiron Arabidopsis. Bututun nan da wasu siraran zarurrukan furotin da ake kira aktin su ne a haɗe ake ce wa cytoskeleton, kuma sunan Hausa da zai haɗa su nake nema.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam, Malama. Rabin farko na kalmar yana nufin ƙwayar halitta, rabin ƙarshe kuma ƙwarangwal, saboda haka ki ce "ƙwarangwal ɗin ƙwaya" ki huta.

Ɗalibin Ilimin Tsirrai: Malam, a gafarce ni, ƙwarangwal zai ɓatar da mai sauraro. Ƙashi ba ya rushewa ya sake ginuwa cikin mintuna, alhali bututun nan kullum suna tsawo ta wani gefe suna zagwanyewa ta ɗaya gefen. Kuma a jikin tsiro ba su ne ke ɗauke da nauyi ba, bango da matsin ruwan da ke cikin ƙwayar halitta su ne ke tsayar da kara. Ban da haka, duk wanda ya ji "ƙwarangwal ɗin ƙwaya" a rediyo zai zaci ana maganar wanda shaye-shaye ya ramar.

Dattijon Harshe: 'Ya'yana, kuna neman abin da yake rataye a kan kakanninku. Wanda ya taɓa ganin ana ɗaure tsaikon ɗaki ya san tanka, wadda ake zagaya sanduna da ita ɗauri bayan ɗauri domin kada su baje. Malama ta ce bututun suna kwance dab da tantani, ni kuma na karanta cewa a ƙwayar halittar da ke tsawo suna zagaye ta a karkace da tsawonta. To, wannan ai tanka ce. Shekara da shekaru ina kiran abin "tankar ƙwayar halitta", kuma ban ga wanda ya kawo abin da ya fi ta ba.

Ɗalibin Ilimin Tsirrai: Baba, kwatancen ya yi kyau ƙwarai, sai dai ya faɗa kan maƙwabci. Abin da yake ɗaure ƙwayar halitta ya hana ta kumbura, har ya tilasta mata miƙewa, shi ne zaren selulos da ke waje, a cikin bango. Idan akwai tanka, to selulos ce. Bututun na ciki jagora ne kawai, kuma akwai wani furotin mai suna CSI1 da ke haɗa su da gungun da ke kaɗa zaren. Ba ma su ne ke tura gungun ba, zaren da gungun ke fitarwa shi ne ke ingiza su gaba. Tun a 1962 Paul Green ya lura cewa idan aka sa wa ƙwayar halittar tsiron ruwa maganin kolcisin, wanda ke rusa bututun, sai ta daina miƙewa ta koma kumburi, kuma bayan shekara ɗaya Ledbetter da Porter suka ga bututun a madubin ilektaron, na'urar ganin ƙananan abubuwa. Ga shi kuma tanka ba ta ce komai ba game da zaren aktin, wanda ƙunshin furotin ke bi a kai su tantani.

Ɗan Damagaram: A nan Nijar ɗalibi yana haɗuwa da kalmar a Faransanci, cytosquelette, a Nijeriya kuma a Ingilishi, kuma furucinsu bai yi nisa da juna ba. Idan aka ce "saitoskeletin", yaron Zinder da na Zariya duk za su gane ta a takardar jarrabawa, amma tanka ba za ta raka ko ɗaya cikinsu ɗakin jarrabawa ba.

Dattijon Harshe: Wannan ita ce cutar da ta kama mu. Harshen da ya raɗa wa kowane sashe na masaƙa suna, shi ne za a ce ya kasa raɗa wa zare suna? Ana ganin duk abin da aka faɗa da Hausa ya zama na ƙauye, sai an murɗe harshe sannan a yarda ilimi ne.

Mai Fassara: Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma littafi da alƙalami daga Larabci muka aro su, asibiti da likita kuma daga Ingilishi, kuma babu wanda ya ce Hausa ta ƙasƙanta. Kai da kanka ba ka yi wa selulos tsawa ba.

Dattijon Harshe: Selulos tana jiran layinta, ba wai na yafe mata ba ne. Audugar da muke kaɗawa kusan dukkanta selulos ce, kuma kowane silinta ƙwayar halitta ce guda, don haka ba za mu rasa suna a gida ba.

Ɗan Damagaram: To, idan dole sai kalmar gida, me zai hana a ce "ragar ƙwayar halitta"?

Ɗalibin Ilimin Tsirrai: Akwai wani sashe dabam a cikin ƙwayar halitta da asalin sunansa yake nufin 'yar raga, kuma idan muka kashe kalmar a nan, za mu rasa ta ranar da Malama ta kai gare shi.

Malamar Bayoloji: Na gode muku duka, lokaci ya ƙure mini. Zan ce "zarurrukan cikin ƙwayar halitta", in ambaci saitoskeletin sau ɗaya a farkon shiri saboda masu jarrabawa. Na san sunan ya yi tsawo, kuma yana iya rikicewa da zaren selulos, amma ban samu wanda ya fi shi ba. Tanka kuwa zan yi amfani da ita wajen bayanin yadda selulos ke ɗaure bango, domin a can ta zauna daram.

Dattijon Harshe: 'Yata, wannan bayani ne, ba suna ba, kuma kin ɗauke tankata kin kai ta inda ban ajiye ta ba. Duk da haka zan kunna rediyo in ji yadda za ki furta ta.