Yaya za mu bi tarukan fasaha daga Garwa ba tare da data ta ƙare mana ba?

Sali_Garwa:
Assalamu alaikum. Mu shida ne masu koyon rubuta manhaja: huɗu a Garwa da ɗaya a Marwa, a arewacin Kamaru, sai ɗaya a Njamena ta Cadi. Muna son bin manyan taruka irin su Google I/O, taron shekara na kamfanin Google, da FOSDEM, taron masu rubuta manhajar da kowa ke iya gani ya gyara, mu kuma tara abin da muka koya wuri guda. Bidiyon kai-tsaye yana cinye data, yana kuma tsayawa da zarar rezo ya yi rauni, bayananmu kuwa sai su ɓace a cikin hirar WhatsApp. Wace hanya ce ta fi?

Malam Hamadu, Ngaundere:
Wa alaikumus salam. Ku fara da lissafi. Saurin da YouTube ke nema shi ne megabit 0.7 a sakan don ingancin hoto na 360p, 1.1 don 480p, 2.5 don 720p. Ku ninka kowanne da 450, za ku ga megabayit nawa zai iya ci a awa ɗaya: wajen 315, da 495, da 1,125. Jawabin buɗe taro na awa biyu a 720p ya haura gigabayit biyu, idan kuma kowannenku ya kalla a wayarsa kun biya sau shida. Kada ku bar manhajar ta zaɓa muku inganci, domin da ta ga rezo ya ɗan buɗe sai ta haye sama. Ku tsayar da ita a 360p da hannunku, sai in ana nuna rubutun manhaja a allo, nan ne 480p ke da amfani.

Shawarata ita ce ku daina farautar kai-tsaye. FOSDEM ana yin sa a Brussels a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, kwana biyu, Asabar da Lahadi, laccoci ɗaruruwa a ɗakuna da yawa lokaci guda. Ko wanda ya je da ƙafarsa ba ya ganin kashi ɗaya cikin goma. Bayan taron suna ɗora bidiyon a video.fosdem.org, kowa ya sauke kyauta. Taron CCC, na wata ƙungiyar masana kwamfuta ta Jamus, wanda ake yi daga 27 zuwa 30 ga Disamba, ya ma fi sauƙi: a media.ccc.de ana samun murya zalla. Murya mai kilobit 64 ba ta kai megabayit 30 a awa. Ku haɗa ta da takardun laccar, waɗanda masu jawabi da yawa ke liƙawa a shafin jadawali, kun samu kusan komai.

Wajen saukewa ku yi amfani da umarnin wget -c a kwamfuta (wget manhajar sauke fayil ce). Harafin c ɗin nan shi ke sa a ci gaba daga inda aka tsaya idan rezo ya yanke, maimakon a koma farko.

Hajiya Fadimatu, Marwa:
Malam Hamadu ya yi gaskiya a kan data, amma ba zan ce a bar kai-tsaye gaba ɗaya ba. Jawabin buɗewa ku huɗun Garwa ku kalle shi tare a allo ɗaya, domin muhawarar da ke biyo baya ita ce rabin karatun. Sai dai ku kula da agogo. Kamaru da Cadi awa ɗaya suke gaban GMT duk shekara, Kalifoniya kuwa tana sauya agogonta. Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba muna gabansu da awa takwas, sauran watanni da tara. Google I/O a Mayu da WWDC na Apple a Yuni sun saba buɗewa ƙarfe 10 na safiyarsu, wato 6 na yammarmu, dab da magariba. Ku dakatar da bidiyon ku yi salla, ku dawo ku ci gaba. A lokacin FOSDEM agogon Beljiyam daidai yake da namu.

Batun tara bayanai: WhatsApp ku bar shi ga sanarwa kawai. Ku buɗe takarda ɗaya a Google Docs ga kowane taro, kowa ya ɗauki laccoci biyu, ya rubuta sunan laccar, abu uku da ya koya, da mintin da aka faɗe su a bidiyon. Mintin nan yana da muhimmanci, shi zai hana ɗan'uwanka sauke awa guda don jimla ɗaya. Ku kunna damar aiki ba intanet a kan takardar tun kuna da rezo. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum biyu su gyara sakin layi ɗaya ba rezo, in sun dawo rubutun ya cakuɗe. Kowa ya tsaya a sashensa, gyaran na wani kuma a bar shi a sharhi.

Taron murya kuma, Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet a minti 60 idan kun kai uku. Ku kashe kyamara, ku rufe makirfo in ba ku ke magana ba. Murya kaɗai a Zoom ba ta wuce megabayit 40 a awa.

Abakar_Njamena:
Akwai ɓarawon data da ba a ambata ba. Idan kun jona kwamfuta mai Windows da wayarku, ku shiga saitin Wi-Fi ku nuna mata cewa layin na awo ne, in ba haka ba za ta hau sabunta kanta ana tsakiyar taro. Ku kashe saukar hotuna da bidiyo ta atomatik a WhatsApp, ku kuma dakatar da Google Photos.

Wuta ma ku shirya mata. Fawabank mai 20,000 mAh yana ɗauke da wajen Wh 74 (wat na awa, ma'aunin wutar da ya tara) a rubuce, abin da za ku samu a aikace bai wuce 55 zuwa 60 ba. Rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, mai bolt 12, amfiya 1, ba ta jan fiye da wat 12, kenan fawabank ɗin zai riƙe ta wajen awa biyar idan kun sa igiyar da ke ɗaga bolt 5 zuwa 12. Ku duba girman bakin igiyar da alamar + da − a bayan rautar kafin ku jona. Da zafin Afrilu da Mayu kuma, kada ku bar waya tana caji tana raba intanet a kan katifa. In ta yi zafi sai ta rage gudu ko ta kashe rabon. Ku cire mata riga, ku ɗora ta a siminti cikin inuwa.

Sali_Garwa:
Allah ya saka da alheri. To in ɗaya ya sauke, ta yaya sauran za su samu?

Malam Hamadu, Ngaundere:
Ku na Garwa ku sa manhajar Syncthing a kwamfutocinku. In kuna kan Wi-Fi ɗaya tana kwafe fayil daga wannan zuwa wancan ba tare da intanet ba, filas ma ya isa. Na Marwa da na Njamena ku tura musu murya da takardu kawai, a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto har rubutun allo ya dushe. Kada ku zuba bidiyo a GitHub, shafin ajiye rubutun manhaja, ba ya karɓar fayil da ya wuce megabayit 100. Google Drive kuma gigabayit 15 ɗinsa na kyauta tare yake da Gmail, in ya cika wasiƙu za su daina shigowa.