Ƙanena mai walda ne: ya nemi gasar sana'a ko ya jira yaye?

Yayan Maraya:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena shekararsa 21, shida daga ciki a Panteka ya yi su, nan Kaduna, yana koyon walda. Wani malamin makarantar koyon sana'a ya ga aikinsa ya ce hannunsa ya isa ya gwada neman gurbin gasar WorldSkills, wato gasar sana'o'in hannu ta duniya, amma sai ya bar shago wata huɗu ya koyi waldar argon da karanta zane. Ubangidansa kuma ya ce bayan Sallah zai yaye shi ya ba shi inji, amma in ya tafi, ya tafi ke nan. Mahaifinmu ya rasu, ni ne a kansa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko ɗansa ya shiga, don Allah ya faɗa mini: shekarunsa ba su wuce ba? Kuma ya cancanci ya rasa yayen?

Baban Biyu:
Wa alaikumus salam. Ka fara yi masa fasfo tukuna, dubu 50 ne.

Ɗan Kantin Kwari:
Wace dubu 50? Tun Satumbar 2025 ya koma dubu 100, mai shafi 32. Naka tsohon farashi ne, Alhaji.

Baban Biyu:
To ni dai abin da na biya wa yarona ke nan.

Hajiya Mai Ɗinki:
Ɗana, ka saurare ni da kyau. Duk wanda ya ce maka gasa a ƙasar waje, ka riƙe aljihunka. 'Yata ta biyu ta iya ɗinki, ko a makarantarsu ita ake nunawa in baƙi sun zo. Wani mutum ya zo da takardu masu tambari, ya ce za a kai su gasa Turai, a biya kuɗin rajista, sannan na biza, sannan na gwajin lafiya. Na sayar da keken ɗinkina na lantarki, wanda da shi nake ciyar da gidan. Na ci bashin adashi. Yarinya ta ɗinka kaya kala uku na nuni, ta kwana kusan goma ba barcin kirki. Ranar da aka ce a haɗu a tasha, su bakwai suka yini da jakunkuna har magariba, wayar mutumin a kashe. Kuɗin bai yi mini ciwo kamar yadda ta daina taɓa almakashi ba. Shekara guda cur. Har yau in aka ambaci gasa sai ta tashi ta bar ɗakin.

Yayan Maraya:
Innalillahi. Allah ya saka miki, Hajiya. Amma mu ba a nemi ko sisi daga gare mu ba tukuna.

Hajiya Mai Ɗinki:
Ni ma da farko ba a nema ba.

Malamin Fasaha:
Hajiya, abin da aka yi miki damfara ce, Allah ya isar miki, amma gasar ita kanta gaskiya ce. Tun 1950 aka fara ta a Madrid tsakanin Sifaniya da Fotugal, kuma yanzu duk bayan shekara biyu ake yi. Ta 2024 a Lyon na Faransa aka yi, matasa kimanin 1,400. Mutum ba ya sayen gurbi. Hukumar da ke wakiltar ƙasa ce ke tura mutum ɗaya a yawancin sana'o'i, bayan an tace a gida. Saboda haka, Yaya, ka sa malamin ya haɗa ku da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, kai tsaye, ai hedikwatarta nan Kaduna take. Batun shekaru: a yawancin sana'o'i, har da walda, kada mutum ya wuce 22 a shekarar gasar. Ta Shanghai a Satumbar 2026 zai iya shiga lissafi, ta Japan a 2028 ta wuce shi.

Tsohon Mai Walda:
Malam, da girmamawa, ka taɓa riƙe ƙarfen walda har idonka ya kwana yana ruwa? Shekara 30 ina wannan aiki. Yaron da ya bar ubangidansa ana gab da yaye ya zubar da albarka. Lambar yabo ba ta sayen garin tuwo. Inji a hannu ya fi alkawarin jirgi.

Malamin Fasaha:
Baba, na riƙe, kuma ban raina aikinku ba. Amma a can ba ƙyauren gida ake haɗawa ba. Kwana huɗu ake yi, ana ba ka zane, ka haɗa tukunyar ƙarfe a matsa mata ruwa a ga ko za ta yoyo, ka yi aikin alminiyam da na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ana ɗaukar hoton cikin waldar kamar yadda ake yi wa ƙashi a asibiti. Yaron da ya koyi wannan, ko bai taka jirgi ba, kamfanin bututu zai neme shi.

Tsohon Mai Walda:
Zai neme shi, ko zai nemi ɗan wane mai takarda?

Ɗan Kantin Kwari:
Ni dai in akwai gasar lanƙwasa atamfa a ninke ta cikin minti ɗaya, a rubuta sunan yaran layinmu, zinare ta zo Kano.

Ɗan Zongo:
Daga Kumasi nake. Ghana ta shiga ƙungiyar WorldSkills tun 2019, kuma yaranmu sun je gasar Afirka da aka yi a Swakopmund na Namibiya a 2022. Wani yaro a unguwarmu ya shiga zagayen tacewa na yanki, bai kai ko'ina ba, a nan aka cire shi. Amma ya dawo da abu ɗaya: ba ya yanka komai sai ya auna sau biyu. Yanzu masu gini suna layi a wajensa. Shawarata, ku je wurin ubangidan da wani dattijo da yake jin nauyinsa, a roƙe shi ya ɗaga yayen. Wata huɗu ba shekara huɗu ba ce.

Yayan Maraya:
Na je da kawunmu. Ya ce aikin Sallah ya taso, ba shi da wani hannun da ya kai na yaron.

Hajiya Mai Ɗinki:
Ka ji ko? Ashe ba albarka yake tsare masa ba, hannunsa yake tsarewa.

Tsohon Mai Walda:
Hajiya, kada a yi mana kuɗin goro. Shekara shida wa ya ciyar da shi? Wa ya biya ƙarfen da ya lalata yana koyo?

Magini Daga Zariya:
Baba, wannan magana ce ta sa muke nan inda muke. Ni na yi shekara biyar ubangidana bai taɓa bari na ga yadda yake fitar da kusurwa ba, sai ya aike ni sayen ruwa. Yau ku je duk wani babban gini a Abuja ku ga su wa ke sa tayil da silin. Daga Togo da Kwatano ake ɗauko su, a ba su ɗaki, a biya su yadda suka faɗa. Mu kuma a ce mu kwaɓa siminti. Makon jiya wani ɗan kwangila ya ce mini a fuskata layinmu ba ya miƙewa.

Baban Biyu:
Ai ni ma su na sa suka yi mini falo. Gaskiya aikinsu ya fi.

Magini Daga Zariya:
Nawa ka ba su, Alhaji? Faɗa mana tsakaninka da Allah. Da ka ba ɗan gida rabin wannan, da ka bar shi ya yi kwanakin da ka bar su suka yi?